Kwamfuta a Cikin Burauza: A Ina Za Mu Ajiye Uwar Garken?



Mai girma shugaban taro, malamaina da ke zaune a sahun gaba, shugabannin makarantu, 'yan uwana masu shagunan kwamfuta, ƙannena ɗalibai maza da mata, barkanku da zuwa. Na san wasu daga Kawo suka taso, wasu daga Malali da Unguwar Rimi da Badarawa, wasu kuma shago suka rufe a kan titin Ahmadu Bello suka zo. Allah ya saka da alheri.

Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne wata fasaha da ke ba mutum damar buɗe burauza, Chrome ce ko Firefox, ya rubuta adireshi, ya sa sunansa da kalmar sirri, sai ga cikakkiyar kwamfuta ta bayyana a cikin shafin nan. Ga fuskarta, ga manyan jakunkunan fayil, ga manhajar rubutu da ta lissafi, har wasiƙar da ya bari rabi jiya tana nan inda ya tsaya. Ya rufe, ya tafi wani gari, ya ari kwamfutar wani, ya sake shiga, ya tarar da kayansa yadda ya bar su. Na'urar da ke gabansa ba ita ke aikin ba. Aikin yana gudana ne a kan wata babbar kwamfuta mai ƙarfi da ke wani wuri, wadda muke kira uwar garke. Abin da ke zuwa masa hoton allo ne kawai, abin da ke tafiya daga gare shi kuma shi ne maɓallin da ya danna da motsin linzaminsa.

Duk wanda ya tashi a unguwanninmu ya san injin niƙa. Ba kowane gida ke da shi ba, kuma babu dalilin da zai sa kowane gida ya saya. Inji ɗaya mai ƙarfi yana ɗaukar unguwa guda, kowa ya aiko da hatsinsa a niƙa masa. To haka wannan tsari yake, kuma abin da ya sa injin ke da amfani shi ne yana bayan layi. Ku riƙe wannan magana ta kusanci, domin a kanta yawancin laccar nan za ta tsaya.

Tunanin tsoho ne. A 1961 aka fara gwada tsarin da mutane da yawa ke amfani da kwamfuta ɗaya lokaci guda a jami'ar MIT ta Amurka. Dattawan da suka yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970 da 1980 za su tuna lokacin da kowa ke kai aikinsa ga babbar na'ura guda, a cibiyar da yau ke ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar. Daga baya kwamfutar tebur ta yi araha, kowa ya koma da tasa. A ƙarshen shekarun 1990 wani ɗakin bincike a Kambirij ta Ingila ya fito da VNC, Microsoft kuma ta fito da nata tsarin, RDP, a 1998. Duka biyun suna ba ka damar sarrafa kwamfutar da ke nesa, sai dai dole ka girka wata manhaja ta musamman a taka na'urar. Sauyin da ya kawo mu wannan zaure ya faru ne wajen 2010, lokacin da burauza ta yi ƙarfin da za ta iya karɓar hoton allon da kanta. A lokacin ne aka fara noVNC, aka kuma fara Guacamole, wadda wani mai suna Michael Jumper ya ƙirƙira, yanzu kuma tana ƙarƙashin gidauniyar Apache. Dukansu kyauta ne, kowa na iya saukewa ya girka. Manyan kamfanoni su ma sun shigo: Amazon na da WorkSpaces, Microsoft ta ƙaddamar da Windows 365 a watan Agusta na 2021, inda kake hayar kwamfuta wata-wata.

Akwai wasu nau'o'i biyu da ake yawan haɗa su da wannan, gara in raba muku su. Ɗaya shafi ne da aka zana shi ya yi kama da fuskar kwamfuta, da ma'ajiyar fayil da 'yan manhajojinsa, kamar eyeOS da wasu matasan Sifaniya suka fara a 2005, ko Puter na baya-bayan nan. Yana da kyau wajen ajiya da ƙananan ayyuka, amma manhajar zanen gini ko ta lissafin kuɗi da ka saba da ita ba za ta hau kansa ba. Ɗayan kuma shi ne irin abin da Fabrice Bellard, wani Bafaranshe, ya nuna a 2011, da ya sa Linux gaba ɗayanta ta tashi a cikin burauza ba tare da uwar garke ba. Wannan abin sha'awa ne, kuma malamin da ke koyar da Linux zai ji daɗinsa, don ɗalibi zai iya ɓata komai ya sabunta shafi ya dawo fes. Sai dai ƙarfin na'urarka yake ci, ba ya ƙara mata komai. Na farkon da na bayyana, mai uwar garke, shi ne maganarmu.

Me ya sa ya shafe mu a Kaduna?

Ku shiga kowane shagon buga takardu a kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko Jami'ar Jihar Kaduna a lokacin da ɗalibai ke haɗa furojet. Za ku ga kwamfuta huɗu ko biyar, duk na hannu, an sayo su bayan sun gama wa'adinsu a ofisoshin Turai. Fanka na kuka a cikinsu saboda ƙurar hunturu. Ɗaliba ta miƙo filash, mai shago ya soka, sai a ga duk jakunkunan sun rikiɗe sun zama gajerun hanyoyi marasa komai, bairos ya cinye babi na uku. Ta dafe kai, shi kuma ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba ki da wani kwafin a waya?" Da yamma ya kira mai gyara a sake zuba Windows, a sake girka komai, na'ura ɗaya bayan ɗaya. Bayan wata biyu a maimaita.

Na taɓa shiga ɗakin kwamfuta na wata makarantar sakandare a nan arewacin gari. Kwamfutoci ne jere an lulluɓe su da leda, wani bawan Allah ya ba da su sadaka. Malamin da ke riƙe da makulli ya ce mini kaɗan ne ke tashi, sauran ko dai sun yi nauyi ko faifan ajiyarsu ya mutu, don haka darasin kwamfuta a allo ake yin sa da alli. Abin ya tsaya mini a rai, domin allunansu lafiya lau, maɓallan rubutunsu lafiya lau, kuma yawancinsu za su iya buɗe burauza. Abin da wannan tsari ke nema ke nan daga gare su, ba ƙari.

Ga kuma wani abin da ya ƙara matsa mana. Ranar 14 ga Oktoba 2025 ce ranar da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari, Windows 11 kuma tana da sharuɗɗan da tsofaffin na'urori da yawa ba su cika ba. Irin waɗannan na'urorin su ne suka cika shagunanmu da makarantunmu da ƙananan asibitocinmu. Ko dai a ci gaba da amfani da su babu kariya, ko a zubar, ko a sa musu Linux mara nauyi su zama tagogin leƙa uwar garke. Na ukun nan shi ne ya fi dacewa da aljihunmu. Mai gyara zai kula da na'ura ɗaya maimakon talatin. Fayil ɗin ɗalibi na kan uwar garke, ko an sace kwamfutar da ya zauna a kai bai rasa komai ba. Idan yaro ya kwaso bairos, a goge zamansa a ba shi sabo cikin minti biyu.

To amma a nan nake so mu nutsu. Masu tallar wannan fasaha daga waje suna ɗauka cewa uwar garken tana can a babbar cibiyarsu, kai kuma kana da intanet mai ƙarfi da wutar da ba ta ɗaukewa da katin da ke biyan dala. Mu duba ukun nan da idon mutumin Kaduna.

Haske a cikin wayar faiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa guda. Wato kowace kilomita 1,000, zuwa da dawowa, tana cin milisakan 10, milisakan kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan kwamfutar da ka yi haya tana Landan, harafin da ka danna a Unguwar Dosa sai ya gangara Legas, ya shiga wayar ƙarƙashin teku, wadda ta MainOne kaɗai daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ce, ya ƙarasa Ingila, sannan hotonsa ya biyo hanyar ya dawo. Tafiyar ta kusa kilomita 20,000, wato milisakan 100, kafin a ƙara jinkirin turken waya da cunkoson yamma. Mai kallon bidiyo ba ya jin wannan, domin bidiyo na taruwa ne kafin ya fara. Mai buga rubutu yana ji a yatsunsa. Da zarar jinkirin ya haura milisakan 150 zuwa 200, za ka danna harafi ka jira shi, ka ja linzami ya biyo ka daga baya. Akawun da zai cika layuka ɗari uku na lissafi a haka zai tashi da ciwon kai. Babu injiniyan da zai iya gaggauta haske. Abin da kawai ake iya yi shi ne rage nisa. Microsoft ta buɗe cibiyoyinta a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon a Kef Tawun a 2020, ta kuma buɗe ƙaramin reshe a Legas a 2023. An samu sauƙi, amma har yanzu ba a ƙetaro kogin Neja ba.

Sai data. Mu ƙaddara zaman mutum ɗaya yana jan megabit ɗaya a daƙiƙa, wanda ba shi da yawa idan allo na motsi. A awa guda megabait 450 ke nan. Aikin awa takwas ya zama gigabait 3.6, a ranakun aiki 22 kuma ya kusa gigabait 80, na mutum ɗaya tak. Ku ninka da kujeru talatin. Kun kuma san a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Kuɗin hayar ma da kansa, lokacin da aka ƙaddamar da Windows 365, matsakaicin tsarinta wajen dala 30 ne a wata ga mutum guda. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500. Dala 30 ta zama naira 45,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Wace makarantar unguwa ce za ta biya wannan a kan kowace kujera?

Abin da ya fi damuna shi ne katsewa, kuma ba sai na ƙirƙiro misali ba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, MainOne da WACS da ACE da SAT-3. Manhajojin bankuna suka tsaya, ayyukan Microsoft da kansu suka samu tangarɗa a nahiyar. A ƙarshen Satumban 2021 an rufe layukan waya a wasu ƙananan hukumomin jihar nan saboda matsalar tsaro, aka yi kusan wata biyu a haka. A Oktoban 2024 kuma, bayan an lalata layin wuta na Shiroro zuwa Mando, ɗaya layin da ke kawo wuta ta Binuwai shi ma ya faɗi, Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu. Wanda fayil ɗinsa ke cikin na'urarsa, a irin waɗannan ranaku yana iya kunna janareta ya ci gaba. Wanda kwamfutarsa gaba ɗaya ke hayin teku, abin da ke gabansa allo ne fari da saƙon cewa ba a samu shafin ba. Ka yi tunanin ƙaramin asibiti da bayanan marasa lafiyarsa ke can.

Saboda haka ra'ayina a fili yake: mu karɓi fasahar, amma uwar garken ta zauna kusa, a cikin ginin idan zai yiwu. Waya ta tashi daga ofishin shugaban makaranta zuwa ɗakin kwamfuta, jinkirinta bai kai milisakan ɗaya ba, ba ta cin data ko ta kwabo, kuma babu ruwanta da abin da ya faru a teku. Intanet sai ta zama ta bincike da saukar da sabuntawa, ta hanya guda da za a iya tacewa a kuma auna.

Kada wani ya ce wannan ya fi ƙarfinmu, domin muna yin makamancinsa kowace shekara. Tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta. Cibiyar da ta cika sharaɗi tana da kujeru 250, duk an haɗa su da waya zuwa uwar garken da ke cikin ginin, ɗalibi kuma ta burauza yake ganin tambayoyinsa. Gaskiya ne shafin jarrabawa ake aiko masa, ba cikakkiyar kwamfuta ba, kuma cikakkiyar ta fi cin ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma wayoyin an shimfiɗa su, na'urorin raba layi suna nan, janareta na nan, matasan da suka iya haɗawa da gyarawa 'ya'yan garin nan ne. Idan an gama rajista da jarrabawa, da yawa daga cikin zaurukan nan sai a ja ƙofa har wata shekara, in ban da 'yan jarrabawar ɗaukar aiki jefi-jefi. Ina roƙon masu cibiyoyin da ke cikin zauren nan su yi wannan lissafi. A ƙara uwar garke mai ƙarfi, daban da ta jarrabawa, a sa mata Linux da Guacamole, a buɗe wa matasan unguwa asusu. Yarinyar da ba ta da kwamfuta a gida ta zo da yamma ta zauna a kowace kujera, ta tarar da aikinta na koyon shirya manhaja inda ta bar shi shekaranjiya.

Wuta fa? Tsohuwar kwamfutar tebur da allonta sukan ja sama da wat 100. Ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi, wadda burauza kawai ake so ta buɗe, ba ta kai wat 15 ba, sai a ƙara na allo. Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin A naira 225 a kan kowane yunit a Afrilun 2024, man fetur kuma kun san inda ya kai bayan cire tallafi a Mayun 2023, wannan bambanci kuɗi ne tsaba. Shi ne kuma ke sa sola da inbata su iya ɗaukar ɗakin. Wanda ke da tsofaffin na'urori ya fara da su, duk wadda ta mutu ya maye gurbinta da ƙarama.

Ma'aikatar da ke da rassa a Zariya da Kafanchan ba za ta wadatu da waya a cikin gini ɗaya ba, na sani. Ita sai ta nemi masauki a cikin ƙasa. Abuja ba ta wuce kusan kilomita 200 daga nan ba, Galaxy Backbone na da cibiyar ajiyar bayanai a can, mahaɗar intanet ta ƙasa, IXPN, tana da rassa a Abuja da Kano. Kafin ku sa hannu da kowane mai ba da haya, ku tambaye shi garin da na'urar take, ku kuma gwada da layin da ma'aikatanku ke amfani da shi, da ƙarfe takwas na dare, ba da safiyar Lahadi ba.

Zan yi rashin adalci idan ban faɗi nauyin da ke tattare da shawarar tawa ba. Duk wanda ke riƙe da uwar garke yana iya ganin fayil ɗin kowa. Guacamole ma tana da damar naɗar duk abin da aka yi a allo. A makaranta wannan na iya zama kariya ga yara, a hannun mara tsoron Allah kuma kayan cin zarafi ne, musamman ga 'yan mata da hotunansu da saƙonninsu. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhaki a kan duk mai riƙe da bayanan mutane, kuma tun kafin doka amana ce. A gaya wa masu amfani abin da ake naɗa da abin da ba a naɗa. Kada kalmar sirrin shugaba ta zama a hannun mutum ɗaya da zai iya yin fushi ya tafi da ita, kada kuma ta zama a rubuce a jikin bango. Idan za a buɗe ƙofar shiga daga waje, a haɗa da lambar tabbatarwa ta waya. Sannan uwar garke ɗaya idan ta mutu, kujeru talatin ne suka mutu tare. Dole a samu faifai na biyu da ake kwafe komai a kai kullum, a ajiye shi a wani gini daban, a kuma riƙa gwada dawo da shi, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba sau da yawa ranar buƙata ake gane fanko ne.

Ga masu son Windows ko ta halin ƙaƙa, ku sani raba ta ga mutane da yawa yana buƙatar lasisi na daban a kan kowane mai amfani ko kowace na'ura. Kwafin sata da aka saba zubawa a shago bai dace da makarantar da ke koyar da tarbiyya ba, kuma ta nan bairos ke shigowa. Linux da LibreOffice sun isa rubutu da lissafi da koyon shirya manhaja. Masu aikin tace bidiyo da zane mai nauyi kuwa, irin 'yan fim da masu ɗab'i, wannan tsari ba naku ba ne tukuna, ku riƙe na'urarku mai ƙarfi.

Wani ƙaramin abu da ake mantawa har sai an gama girkawa: ku gwada rubuta Hausa. Maɓallin da aka danna yana bi ta burauza da mashiga irin Guacamole kafin ya isa uwar garke, kuma idan tsarin maɓallan ɓangarorin bai dace ba, haruffanmu masu lanƙwasa sukan maƙale a hanya. A ranar gwaji ku sa malamin Hausa ya zauna ya buga shafi guda cikakke, ya buga shi a takarda, ya duba.

Ga shugabannin makarantu, kada ku fara da kujeru ɗari. Ku ɗauki goma daga cikin waɗanda ke ƙarƙashin leda, da na'ura ɗaya mai ram gigabait 32, ku ba malami ɗaya da ɗalibai biyu masu ƙwazo su girka da hannunsu, ko da zai ɗauke su mako uku. Ku yi zango guda a haka, kuna rubuta sau nawa ta tsaya, me ya tsayar da ita, lita nawa aka sha, ɗalibai nawa suka zauna. Idan zango ya ƙare ku kawo littafin nan gaban kwamitin iyaye da malamai, a yanke shawarar ƙarawa ko dakatawa a kan abin da aka gani. Ɗaliban nan biyu kuma ku ba su shaida a rubuce, domin makarantar da ke maƙwabtaka da ku za ta neme su.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi.